Abin da jinyar masu cutar Parkinson ta koya mini game da lebodofa

A aikin jinya da nake yi a sashen cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, babu abin da ya fi tayar wa iyalan masu cutar Parkinson hankali kamar motsin da ke bayyana bayan an daɗe ana shan maganin lebodofa, wanda likitoci ke kira diskinisiya. Ya sha bamban da karkarwar da aka san cutar da ita, wadda ke zuwa sa'ad da hannu ke hutawa. Wannan murɗe-murɗe ne marar tsari: kafaɗa ta ɗaga, wuya ya karkace, ƙafa ta riƙa lilo a ƙarƙashin kujera, mutum yana zaune amma jikinsa ya ƙi zama. Wasu iyalan sukan zaci farfaɗiya ce, wasu kuma su ce taɓin iska ne.

Tushen al'amarin shi ne cutar tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin mai daidaita motsin jiki, lebodofa kuwa ita jiki ke mayarwa dofamin, kuma tun da likita George Cotzias ya nuna amfaninta a Amurka a 1967 ba a sami maganin da ya fi ta ba. Sai dai ba ta daɗewa a cikin jini, domin rabinta kan gushe cikin kimanin minti 90. A farkon ciwo, ƙwayoyin da suka rage suna adana dofamin su riƙa sakinsa a hankali, amma idan suka ƙaranta, sai ƙwaƙwalwa ta koma tana samun ambaliyar dofamin bayan kowace ƙwayar magani, fari kuma ya biyo baya. Kusan kashi 40 cikin ɗari na masu shan maganin kan gamu da wannan motsi bayan shekara huɗu zuwa shida, kuma waɗanda cutar ta kama da ƙuruciya sun fi saurin samunsa.

Babban abin da na koya shi ne, kafin a taɓa magani, a tambayi lokacin da motsin ke zuwa. Idan yana zuwa kamar awa ɗaya bayan shan ƙwaya, alama ce ta maganin ya kai ƙololuwa, sai likita ya rage yawan da ake sha a lokaci guda ya ƙara yawan lokutan, ko ya haɗa da wani magani mai suna amantadin. Idan kuwa da asuba ne yatsun ƙafa ke ƙanƙancewa da zafi, to ƙarancin magani ne, rage shi kuma ƙara wahala ne. Shi ya sa nake roƙon iyali su rubuta a takarda lokacin shan magani, lokacin cin abinci da lokacin motsi, domin nama, wake da nono suna rage shigar lebodofa cikin jiki, abin da mutane da dama ba su sani ba.

Na kuma lura cewa motsin ya fi damun mai kallo fiye da mai shi. Wani ɗa ya taɓa ce mini, "Sista, maganin nan ne ya lalata Baba, za mu daina ba shi." Da na juya na ce, "Baba, ku me kuka gani?", sai dattijon, kansa yana kaɗawa, ya ce, "'Yata, gara wannan rawar da sandarewar, domin a haka ina iya alwala da kaina." Dakatar da lebodofa farat ɗaya yana da haɗari ƙwarai, yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar jiki har a rasa rai.

A da, tsoron wannan motsi yakan sa likitoci su jinkirta fara maganin. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya kwatanta marasa lafiya a Ghana, inda ake daɗewa kafin a sami lebodofa, da na Italiya, ya kuma gano cewa daɗewar cutar da yawan maganin da ake sha a rana su ne ke da alaƙa da motsin, ba fara shan sa da wuri ba. A ganina, wanda aka hana magani shekara uku don gudun diskinisiya an tauye masa shekarun da zai iya zuwa kasuwa da masallaci da ƙafarsa, alhali motsin zai iya zuwa masa duk da haka.