Ƙwan kunkurun ruwa sun ƙyanƙyashe, sikeli ne ya raba gardama

'Yan'uwa masu kiwo, albishirinku. Ƙwan macen kunkurun ruwa da nake kiwo, irin nan mai jan kunne, sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan suna cikin roba suna jiran cibiya ta rufe, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji har cikin raina. Duk wanda ya taɓa zuba wa akwatin ƙwai ido wata biyu, wannan na lotsewa wancan na funfuna, ya san dalili. Abin da ya gyara wannan zubin shi ne yadda aka auna ruwan akwatin, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Amma sai an sami ƙwan tukuna. Tafki kaɗai ba ya isar mace. Idan ta ɗauki ƙwai za ku ga ta rage ci, tana fitowa daga ruwa tana bin gindin shinge, ta fara tono da ƙafafun baya ta bari, ta koma wani wuri. Idan ba ta sami ƙasar da ta kwanta mata ba, ko dai ta zubar da su cikin ruwa ɗaya-ɗaya, ko ta riƙe su a ciki, wannan kuwa shi ne mai kisa. Abin da ya yi aiki a nan shi ne fili gefen tafki, faɗinsa kamar mita ɗaya, an haƙa santimita 30 an cika da yashi da ƙasar lambu rabi da rabi, a inda rana ke sauka, kuma ya ɗan fi bakin ruwa tudu don kada ruwan sama ya kwanta. Damshinsa ya zama wanda idan ka tona rami da hannu bangon ba zai rufta ba. Kada ku ɗauke ta a lokacin da take zagaye. Ruwan da ke mararta da shi take jiƙa ƙasa kafin ta tona, idan ta tsorata ta zubar da shi sai ta koma tafki, aikin ranar ya tashi a banza. Ku leƙa daga nesa, domin idan ta gama rufewa da ƙyar ido zai gane wurin.

Macen da ta shafe mako biyu tana wannan zarya ba ta saka ba, ko ta yi laushi ta daina motsi, ta likitan dabbobi ce. Hoton eksire zai nuna yawan ƙwan, shi ne kuma zai ga ko allurar kalsiyam da oksitosin, maganin tayar da naƙuda, za ta wadatar. Ban da matsa mata ciki. Ƙwan da ya faɗa ruwa a tsamo shi nan take, wanda ya kwana a ciki kuwa da wuya ya yi rai. Kuma idan kun ga biyu ko uku a ƙasan tafki, ku ɗauka akwai saura a cikinta.

Ana iya barin ƙwan inda ta binne su a kifa ragar waya a kai saboda ɓera da hankaka, sai dai raga ba ta hana kiyashi, ba ta hana ruwa mai ƙarfi, zafin kuma ba a hannunka yake ba. Ni kwashewa na zaɓa. Ramin bai cika wuce santimita 10 zuwa 12 ba, bakinsa ƙunci, cikinsa faɗi. Da cokali da burushin fenti ake buɗe shi, ta gefe, kuma kafin a ɗaga kowane ƙwai a sa masa alama da fensir a samansa, ya je akwati a yadda aka same shi. Waɗanda suka fito daga kiwon kaji su saurara da kyau a nan. Ƙwan kaza yana da zaren da ke riƙe kwanduwa a tsakiya, juya shi ma wajibi ne. Na kunkuru ba shi da wannan zaren. Cikin kwana ɗaya ko biyu ɗan tayin yake mannewa a saman ɓawon daga ciki, idan aka kifa shi bayan haka kwanduwa ta danne shi ya mutu. Injin ƙyanƙyasar kaji kuwa, mai juya ƙwai da zafin digiri 37 zuwa 38, dafa su zai yi.

To, ruwa. Ɓawon ƙwan irin wannan kunkuru ba mai tauri ba ne, yana da laushin fata, ruwa na shiga yana fita ta jikinsa tsawon zaman. Shimfiɗar da ake jera ƙwan a kai cikin akwati ta bushe, ƙwai ya ba ta nasa ruwan ya lotse. Ta jiƙe da yawa, ya sha ya kumbura, wani ya tsage, wani ɗan ya shaƙe a ciki, funfuna ta zo ta ƙarasa. Tsakanin biyun tazarar ba ta da yawa, kuma abin takaicin shi ne ido ba ya ganin ta sai ɓarna ta riga ta auku.

Shawarar da ke yawo ita ce a matse bamikulayit, wato ɓarɓashin ma'adini mai riƙe ruwa da ake yin shimfiɗar da shi, a hannu, idan ya dunƙule bai ɗiga ba to ya yi. Gaskiya ce, amma ta ranar farko kaɗai. Bayan an jera ƙwai wa zai riƙa kwasar shimfiɗa yana matsewa? Ga shi kuma sama na bushewa alhali ƙasa sharkaf take, sai mutum ya taɓa saman da yatsa ya ji a bushe ya ƙara ruwa, ya ƙara, har ƙwan su zauna cikin caɓi bai sani ba. Yawancin ƙwan da ake cewa baragurbi ne tun asali, ina kyautata zaton ta wannan hanyar suka tafi.

Ga yadda sikeli ke rufe wannan ƙofar. Bamikulayit da ruwa ɗaya da ɗaya, a nauyi. Ku lura, a nauyi na ce. Bamikulayit ba shi da nauyi ko kaɗan, wanda ya auna kofi da kofi ya zuba ruwan da ya ninka abin da ake so sau da yawa. Giram 200 na busasshen bamikulayit, ruwa giram 200, wato mililita 200, a cakuɗa sosai a robar abinci mai murfi, kaurin shimfiɗar ya kai santimita 5. A yi wa kowane ƙwai gurbi da babban yatsa, a nutsa rabinsa, rabin sama a buɗe, tsakaninsa da na kusa santimita 2. Murfin a huda masa ƙananan ramuka huɗu zuwa shida da allura mai zafi, kada su yi faɗin da ƙananan ƙudaje za su shiga, don tsutsarsu na cin ƙwai. Sai a ɗora akwatin gaba ɗaya kan sikelin kicin, da ƙwai da murfi, a rubuta nauyin a jikinsa. Daga nan sau ɗaya a mako a sake aunawa. Giram nawa ya ragu, mililita nawa za a mayar. Giram 8 ya tafi, mililita 8 ya dawo, ba ƙari ba ragi.

Yadda ake mayarwar ma yana da ƙa'ida. Da sirinji, a kusurwoyi da gefen roba, nesa da ƙwan, ruwan kuma ya kwana a kwalba cikin injin da ke ɗumama akwatin ƙwan don zafinsu ya zo ɗaya. Feshi ban yarda da shi ba sam. Ƙwai ta ɓawonsa yake numfashi, ruwan da ya kwanta a kai toshe shi yake yi. A akwati mai wannan girman, idan na ga gibin ya wuce giram 20 a mako, ramukan murfi ne suka yi yawa, sai in liƙe biyu da salatif maimakon in yi ta ɗura ruwa.

Akwai abu ɗaya da sikelin ba ya faɗa. Ruwan da ƙwai ya sha daga shimfiɗa yana nan cikin jimillar nauyin, don haka shimfiɗar tana ɗan ƙara bushewa a hankali ko da lissafi ya cika. Wannan bai dame ni ba, ƙarshen zama ba ya son damshi da yawa. Amma idan ƙwai ya lotse a makonnin farko, a ƙara mililita kaɗan a kewayensa, a rufa masa ɗan tishu mai damshi wanda aka matse sosai. Mai rai yakan cika cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ƙi cika, ya koma rawaya, ya fara wari, ya tafi. Lotsewar da ke zuwa dab da ƙyanƙyasa kuwa daban ce, ƙwai yakan yi gumi ya ɗan saki, kuma nan ne hannu ke ƙaiƙayin ƙara ruwa. Kada a ƙara.

Sai zufar murfi, wadda ta fi komai ba ni haushi. Duk lokacin da zafi ya sauka da dare, tururi ya taru a ƙarƙashin murfin ya riƙa ɗiga daidai kan ƙwai. Maganinta ɗan katako a ƙarƙashin gefe ɗaya na robar tun ranar farko, ta ɗan karkace, ɗigon ya gangara bango. A goge murfin duk ranar awo, buɗewar ma ta sauya musu iska. Funfuna idan ta fito a kan ƙwai ɗaya a share ta da busasshiyar auduga, a matsar da shi wata roba ba tare da an juya shi ba. Lafiyayyen ƙwai bai cika yin funfuna ba, amma ba na yar da kowanne sai ya ruɓe ƙarara.

Alamun rai kun san su. Farin tabo kamar alli a saman ƙwan cikin kwanakin farko, ya zama ɗamara, ya mamaye shi duka. Wajen mako na biyu zuwa na uku, a ɗaki mai duhu, a kanga ƙaramar tocila a jikinsa yana inda yake, jijiyoyin jini za su bayyana. Ba sai an ɗaga shi ba.

Injin nawa kula ce irin ta ajiye ƙanƙara, ruwa a ƙasanta da hitar tankin kifi, bulo biyu, robar ƙwai a sama. Na'urar daidaita zafi ta daban da na haɗa mata ita ce ta ci kuɗi, ta fi sauran kayan duka tsada kuma na ji ta a jika, sai dai ma'aunin da ke jikin hita ba abin dogaro ba ne. Bakin ma'aunin zafi ya zauna kusa da ƙwan, kuma a sa guda biyu, domin masu arha sukan saɓa da digiri ɗaya ko biyu. Digiri ɗaya a nan ba wasa ba ne. A wannan jinsin zafi ne ke yanke namiji ko mace, a kashi na tsakiya cikin ukun zaman: digiri 26 maza, 31 mata, wajen 29 gauraye. Na tsayar a 28 zuwa 29, inda akan jira kwana 60 zuwa 75. Zafin da ya daɗe sama da 33 yana kawo nakasar ƙoƙon baya ko mutuwa, saboda haka mai zaune a wuri mai zafi aikinsa sanyayawa ne, ya nemi ɗakin da ya fi sanyi ya ajiye kular a ƙasa.

Ranar fashewa haƙuri kawai ake nema. Ɗan zai tsaga ɓawon da ɗan tsinin da ke kan hancinsa, ya leƙo, ya zauna kwana ɗaya ko biyu ko fiye yana shanye ragowar kwanduwa. Kada a ɓare masa, kada a jawo shi. Wanda ya fito da kwanduwa a rataye a ciki a sa shi kan tishu mai damshi a wata roba cikin injin, kada ta fashe, kada bamikulayit ya manne mata. Sai ta shige, tsagar cikin ta rufe, sannan ya shiga ruwa mara zurfi mai digiri 26 zuwa 28, da wurin hawa ya sha hantsi. Ƙin cin abinci a makon farko ba ciwo ba ne. Babban tafki kuwa ba nasu ba ne yanzu, girmansu santimita 3 ne kawai, manyan za su cije su, tsuntsu zai sure su.

A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, yara ƙanana kuma su tsaya a kallo. Saboda cutar salmonela ne Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba tun 1975. Kuma kafin ku kunna inji ku duba dokar inda kuke. Mai jan kunne ɗan asalin kwarin Misisipi ne, ya zama annoba a ƙasashe da dama saboda masu saki a kogi, har Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin da aka hana sayarwa da hayayyafarwa a 2016. Mace ɗaya tana iya zubi har sau biyar a shekara, kowane ɗa kuma zai iya wuce shekara 20 a raye. Zubi na gaba, idan babu hannun da zai karɓi 'ya'yan, firiza zai shiga a ranar da aka saka shi don kada ya ƙyanƙyashe. Ramin yashin dai yana nan a jiƙe, domin macen ta fara bin gindin shinge kuma.