Gidan gungume daga ƙasa yake fara lalacewa

Mutanen Suwidin da Finlan da suka sauka a bakin kogin Delaware a 1638 ake dangantawa da kawo ginin gungume Amurka, wato gidan da ake jera gumaguman itace a kwance, wani kan wani, su zama bango. Manoman da suka nausa yamma suka rungume shi, tunda gatari kaɗai ya isa. Irin waɗannan gidaje na nan tsaye, kamar na John Oliver a Cades Cove, jihar Tennessee, wanda aka gina a shekarun 1820.

Mai gyaran irinsu ƙasa yake fara dubawa. Gungumen da ke zaune kan harsashi shi ke shan danshi da feshin ruwan rufi, gara ma ta nan take hawa. A soka masa basilla: in ta nutse ba gardama, ciki ya ruɓe ko da waje na da kyan gani. Sai a kafa jak ciki da waje, a ɗaga bangon kaɗan-kaɗan, don gaggawa na tsaga mahaɗar kusurwa ta karkatar da ƙofa. A zare ruɓaɓɓen, a sa busasshen itace irinsa, a bar tazarar kamar inci 8 tsakaninsa da ƙasa. In ruɓar ba ta yi nisa ba, a yanke wurin kawai a yi maho, a shafa maganin boret mai hana ruɓa da cin gara. Samun irin itacen ma aiki ne. Gidaje da yawa da itacen wata bishiya mai suna chestnut aka yi su, shi kuwa cutar da aka gano a 1904 ta kusa ƙarar da shi.

Babbar ɓarna a yaɓe take. Magabata kan cusa guntayen itace ko duwatsu tsakanin gumagumai, su bi da laka, farar ƙasa, yashi da gashin dabba. Yau sai wani ya cike wurin da siminti zalla, wai ya fi ƙarko. Itace na kumbura yana motsewa, siminti ba ya motsi, sai 'yar kafa ta buɗe, ruwa ya shige ya rasa mafita. Farar ƙasa kashi 1 da yashi kashi 3 sun fi dacewa. A ɗan tura saman yaɓen ƙarƙashin gungumen sama yadda ruwa zai zirare waje.

Allunan da aka lulluɓe wasu gidajen da su tun da can, a bar su. Masu ɓaɓɓake su don a ga gungume suna miƙa wa ruwa da rana itacen da ya shekara fiye da 100 a rufe.