Dattawan mishan na cocin Mormon a Gana: aikin yau da gobe da ranar fita yawo

Wanda ya san Accra, garin da Hausawan kurmi ke kira Ankara, da wuya a ce bai taɓa ganinsu ba: dattijo da farar riga da lakataye, matarsa a gefe, kowannensu da ɗan baƙin allo maƙale a ƙirji. Na mijin an rubuta Elder, na matar Sister, sai sunan iyali, sai sunan cocin a ƙasa. Mutane sukan ɗauka 'yan yawon buɗe ido ne ko ma'aikatan ofishin jakadanci. Ba haka ba ne. 'Yan fansho ne, galibi daga Amurka, da suka rufe gidajensu suka zo yi wa cocinsu aiki da kuɗin aljihunsu. An fi sanin cocin da Mormon, kodayake tun 2018 shugabanninsa suka nemi a riƙa kiransa da cikakken sunansa, wanda ma'anarsa ita ce Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Hedikwatarsa tana Salt Lake City a jihar Utah.

Dattawa ne ma suka buɗe wa cocin ƙofa a Afirka ta Yamma. A ƙarshen 1978 aka turo Rendell Mabey da matarsa Rachel, da Edwin Cannon da matarsa Janath. Suka tarar da jama'a a kudu maso gabashin Najeriya da kuma Cape Coast sun daɗe suna taruwa da kansu, suna karanta littattafan cocin, suna jira. A Yunin 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin ta sallami baƙin 'yan mishan, ba a ɗage takunkumin ba sai ƙarshen 1990. Yau ofishin yankin Afirka ta Yamma yana Accra, a haraba ɗaya da haikalin da aka buɗe a Janairun 2004 a titin Independence. Na Aba a Najeriya ya biyo baya a 2005.

Hanyar zuwa a shimfiɗe take. Sai mutum ya kai shekara 40, kuma babu ƙaramin yaro da ke ƙarƙashin kulawarsa a gida. Ma'auratan za su cike takardu ta intanet, likita ya duba su, likitan haƙori ma haka, su bayyana abin da za su iya kashewa a wata, sannan shugabannin cocinsu na gida su gana da su. Za su iya faɗin inda suke so da aikin da suka iya, amma takardar kira ita ke yanke magana. Wa'adin wata 6 ne, ko 12, ko 18, ko 23, kuma masu ƙetare teku sun fi ɗaukar 18 ko 23. Kafin tashi sukan yi 'yan kwanaki a cibiyar horo da ke Provo, a jihar Utah. Albashi babu. Abinci da inshorar lafiya da kasonsu na kuɗin haya duk a wuyansu yake.

Ba a ɗora musu dokokin samarin mishan ba, waɗanda ke tashi ƙarfe shida da rabi su wuni suna bin unguwanni. Dattijo yana kiran jikokinsa lokacin da ya ga dama, yana hutawa idan jiki ya nema. Aikin da yawansu ke yi ma ba wa'azi ba ne. Tsohon akanta zai riƙe kuɗin ofishin mishan, tsohuwar nas za ta riƙa amsa wayar samari da 'yan matan da zazzaɓi ya kama, wani ya kula da motoci da gidajen haya. Wasu suna ɓangaren jinƙai: rijiyar burtsatse, keken guragu, horar da ungozoma kan farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba. Wasu suna taimaka wa ɗalibai masu karatu ta intanet a tsarin BYU-Pathway. Lahadi akwai ibada ta awa biyu, kuma Lahadin farko na kowane wata suna azumi, su bar abinci biyu su ba da kuɗinsa ga mabukata.

Abin da ke kayar da su ba nauyin aiki ba ne, ƙananan abubuwa ne da ba a shirya musu ba. Na farko sauro. Yawancin su ba su taɓa yin maleriya ba a rayuwarsu, jikinsu bai san ta ba, saboda haka zazzaɓin da ɗan ƙasa zai sha magani ya miƙe yana iya kai ɗan shekara 70 gadon asibiti cikin kwana biyu. Maganin kariya da aka fi sani shi ne doxycycline, ƙwaya ɗaya kullum, kuma sai an ci gaba da sha har mako huɗu bayan barin ƙasar. Kuskuren da ake yawan yi: a haɗiye shi da daddare da ɗan kurɓin ruwa a kwanta. Ƙwayar takan tsaya a maƙogwaro ta ƙona shi. Da safe ake sha, bayan an ci wani abu, da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai bayan rabin awa. Ba a haɗa shi lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin ƙarfin ƙashi ko ta ƙarin jini, waɗanda tsofaffi da yawa ke sha, domin suna hana jiki tsotse shi; a raba su da awa biyu ko uku. Yana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana. Allurar shawara wajibi ce ga mai shiga Gana, ana yin ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, amma wanda ya haura 60 sai likita ya auna lamarinsa tukuna, saboda illarta ta fi yawa ga masu shekaru.

Na biyu ruwa. Ruwan famfo ana tara shi a tankin roba, ba a sha sai an tace ko an tafasa, har na wanke baki. Latas da tumatir da duk abin da za a ci ɗanye ana jiƙa shi a ruwan da aka sa wa ɗan bilic marar ƙamshi, kamar ƙaramin cokali ɗaya a lita huɗu, a ɗauraye da tataccen ruwa. Wanda ya kiyaye wannan duka sannan ya karɓi ƙanƙara a kofin lemo a wurin biki, ya rushe aikin da hannunsa.

Na uku wuta. Lantarkin Gana bolt 230 ne, na Amurka 120. Cajar waya da ta kwamfuta suna ɗaukar duka biyun, kan soket kawai za a canza zuwa mai ƙafa uku irin na Ingila. Amma injin markaɗe ko na busar da gashi da aka ɗauko daga gida, jonawa ɗaya zai yi hayaƙi. Ɗauke wuta, wanda mutanen Gana ke kira dumsor, ba ya ba da sanarwa, don haka mai ajiye insulin a firji ko mai kwana da na'urar taimakon numfashi dole ya tanadi batir tun kafin ya sauka. Baƙon da zai wuce kwana 90 kuma sai ya yi katin shaida na baƙi, ban da izinin zama.

Cin abinci ya fi sauƙi. Ba sa shan giya, ba sa shan taba, ba sa shan kofi ko shayin ganye, don haka wanda ya karɓi baƙuncinsu kada ya ji haushi in sun ƙi shayi; Milo ko zoɓo ya wadatar. Abin da kan ba su mamaki shi ne jin cewa abincin titi da suka fi so sunansa daga Hausa ya fito. Waakye wake ne da shinkafa, tuo zaafi tuwon zafi ne, koose ƙosai ne, kunun safe kuwa har yau Hausa koko ake ce masa.

Rana ɗaya a mako ta hutu ce, ga masu aikin ofis yawanci Asabar. A cikin gari akwai kasuwar Makola, da makwancin Kwame Nkrumah, da babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, da masu sassaƙa akwatin gawa mai siffar kifi ko mota a Teshie. Lambun Aburi, wanda aka kafa a 1890 a kan tudu, shi ne wurin da ya fi dacewa da mai ciwon gwiwa: kusa ne, akwai inuwa, iska da sanyi.

Tafiyar da kowa ke so ita ce ta Cape Coast da Elmina, kimanin kilomita 150 yamma da Accra. A taswira kamar awa biyu da rabi, amma cunkoson garin Kasoa da ke kan hanyar yana iya cinye awa guda shi kaɗai, don haka ana fita kafin shida na safe kuma ba a dawowa da dare. Fotugis ne suka gina sansanin Elmina a 1482, wanda daga baya ya zama gidan tsare bayi kamar na Cape Coast. Ɗakunan da aka tsare bayi a ƙarƙashin ƙasa duhu ne, zafi ne, ƙasan kuma ba daidai take ba, mai hawan jini ya shiga da ruwa a hannu. A ganina kuskure ne a haɗa gidajen biyu da dajin Kakum a wuni ɗaya, kamar yadda masu shirya yawo ke yi wa matasa. Wanda ya tsaya a ƙofar da aka fitar da mutane zuwa jirgi ba su dawo ba yana bukatar ya zauna shiru, ba a ja shi zuwa mota ba. A kwana, washegari da sassafe a tafi Kakum. Gadojin igiya bakwai ne a saman bishiyoyi, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, tsayinsu daga ƙasa ya kai mita 30 zuwa 40 a wasu wurare. Mutane suna tsoron gadar, alhali hawan tudun da ke kaiwa gare ta cikin gumi shi ya fi wahalar da tsoho. Takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Arewa kuwa ba tafiyar Asabar ba ce, kuma duk fita daga iyakar yankin mishan ɗinsu sai da izinin shugaban mishan. An fi yin ta idan 'ya'ya sun kawo ziyara. Jirgi daga Accra zuwa Tamale kamar awa ɗaya, sai mota zuwa gandun dajin Mole. Lokacin rani ya fi, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da giwaye ke saukowa tafki shan ruwa. Sai dai ƙurar hunturu tana tayar da asma. Kewayen safe a ƙafa ake yi tare da mai gadin daji, kuma duk abincin da aka bari a fili gwaggon biri zai ɗauke. Kusa da ƙofar gandun akwai masallacin Larabanga na ƙasa da itace, wanda al'adar garin ke cewa tun 1421 yake. Wanda ba Musulmi ba daga waje yake tsayawa, matar ta rufe kafaɗa da gwiwa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum. Mai sauran kwana ɗaya ya ƙarasa Salaga, inda fataken Kano da Katsina suka riƙa sauke kanwa da tufafi su ɗauki goron Gwanja, inda kuma aka yi babbar kasuwar bayi. Ana nuna wa baƙo rijiyoyin da aka riƙa yi wa bayin wanka kafin a kai su kasuwa, wasunsu kuma daga nan aka kora su kudu zuwa gaɓar teku.