Ruwan Zogalen Da Muke Zubarwa

Aikin kammala digirina a kan ganyen gida na yi shi: zogale, kuka da rama, duk daga ƙauyenmu da ke wajen Ringim. Sinadaran flabonoyid nake bi, musamman kwasetin da kemfarol da ganyen zogale ke ɗauke da su. A kwalbar gwaji suna tare ɓarnar da oksijin ke yi wa kolestarol, wato kitsen da ke yawo a jini, ɓarna irin yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Nau'in kolestarol da ake kira LDL in ya lalace haka, shi ne ke taruwa a bangon jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntata.

Shanya a inuwa, daka, jiƙa a etanol, ruwan sinadarin da ke tatso flabonoyid daga ganye, duk ya tafi lafiya. Gwajin DPPH, wanda ke auna ƙarfin ganye wajen tare irin wannan ɓarna, shi ma haka: ruwa ne shunayya, ganye mai ƙarfi ya mayar da shi ruwan ɗorawa, na'ura ta auna sauyin launin.

Inna ce ta juya aikin. Ta ce, "Kai da ke ta auna busasshen gari, wa ka gani yana cin kwaɗo haka?" Sai na roƙe ta ta dafa yadda ta saba, na ɗebi ganyen, na kuma ɗebi ruwan da za ta watsa a rariya.

Wallahi ruwan nan ya riga dafaffen ganyen sauya launin gwajin. Flabonoyid ɗin zogale yawanci haɗe yake da sukari, don haka yana bin ruwan zafi ya fita. Tukunyar da aka jefa wa kanwa kuwa ta fi ba ni haushi, ganye da ruwa duk sun yi rauni, domin kwasetin ba ya jure kanwa. Shekara da shekaru muna tauna ganye, kaso mai tsoka na flabonoyid ɗin ya tafi rariya!

Yanzu a gidanmu turara shi ake yi, ko a dafa da ruwa kaɗan ba kanwa, ragowar ruwan ya shiga miya. Inna ta ce ganyen ya fi tauri, gaskiya ne, a ƙara masa wuta kaɗan.

Masu tallar garin zogale a kasuwa suna cewa yana wanke kitsen jini tas, wannan ma na ci min rai. Kwalbar gwaji daban, jikin mutum daban. Kawu ya so ajiye maganin asibiti bayan ya ji labarin aikina, na zauna da shi har ya fasa.