Layin da Ruwa Ya Bari a Kan Yashi

Ƙarnin teku ya riga shi iso mana. Tun muna cikin mota wata iska mai gishiri-gishiri ta shigo ta taga, Auta ta toshe hanci, yayanta kuwa ya miƙa wuya yana neman ruwan. Da muka haura tudun yashi na ƙarshe sai ga shi shimfiɗe, ba tsallake, ba ɗaya gaɓar. Yaran ba su taɓa ganin teku ba sai a hoto. Surutun da suka yini suna yi ya ɗauke ɗif.

Ranar Juma'a ce, wajen ƙarfe 4 na yamma. Mun zo da babban tanti guda, da tabarmi, da jarka uku ta ruwan sha, da niyyar kwana biyu. Ruwa ya ja baya sosai, ya bar fili sumul kamar an yi masa daɓe. Ni na zaɓi wurin: ba tsakuwa, ba gangara, taku kaɗan ka taɓa ruwa. Abban yara ya fara buga turaku.

Muna cikin haka wani dattijo da ke ɗinkin taru a gefen kwale-kwalensa ya aje aikin ya tako. Muka gaisa. Ya dubi tantin, ya dubi yaran, sannan ya ce da ni, "'Yata, nan za ku kwana da jikokina?" Na ce, "Nan ne, Baba." Bai ƙara magana ba, ya yafito mu. Muka bi shi sama, taku wajen 20 bayan tantin, ya nuna ƙasa da sandarsa. Wani layi ne baƙi-baƙi ya miƙe iya ganin ido, busasshiyar ciyawar teku da ƙirare da ɓawon katantanwa da murafun robobi. Ya ce nan ruwa ya tsaya daren jiya. Yau kuma wata zai cika, don haka sai ya wuce nan.

Jikina ya yi sanyi ƙalau. Na san teku na cika yana janyewa, na karanta tun ina makaranta, amma gani ya kori ji. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. A yawancin gaɓoɓi ruwa kan cika sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Idan wata ya cika, ko ya ɓuya kafin tsayuwar sabo, shi da rana da duniya sun yi layi ɗaya, sai jan ya haɗu: cikar ta fi tsawo, janyewar ta fi nisa. Ashe faɗin filin nan da ya ruɗe ni shi ne gargaɗin. Iya nisan da ruwan ya tafi, iya ƙarfin da zai dawo da shi.

Muka tumɓuke tantin muka kai shi can saman layin, kusa da gindin tudun. Yaron namu ya ɗauki wata doguwar sanda ya kafa a inda ƙofar tantin take da farko, ya ce yana so ya gani da idonsa.

A sabon wurin kuma sai turaku suka ƙi zama. Busasshen yashi ba ya riƙe siririn ƙarfe, ana bugawa iska na zarewa. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, shi ya sa iska ke kaɗowa daga teku ba sassauci. Da dare ƙasa ta huce, sai ta lafa ko ta juya. Dabarar da ta fisshe mu ita ce cika buhunan da muka zo da su da yashi, a ɗaura igiya a wuyan kowanne, a haƙa rami kamu biyu a binne. Daga nan tantin bai sake motsi ba.

Rana na faɗuwa wata ya fito, ja jawur, ƙato. Auta ta haska tocila a ƙasa ta ƙwalla ihu: kaguwoyi ne masu launin yashi, idanu a tsaye, suna tsere a karkace su faɗa ramukansu. Ta bi su har ta gaji ta yi barci a cinyata.

Mu ukun ba mu kwanta ba. Ruwan ba da gudu ya zo ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Kowace igiya ta wuce 'yar'uwarta da ɗan kaɗan, ta koma kamar ta fasa, ta sake dawowa. Ƙarfe 9 ya lashi gindin sandar. Wajen ƙarfe 10 ya kai rabinta, kumfa na wucewa ta inda kawunan yarana za su kasance. Abban yara ya kama hannuna. Allah Ya kiyaye, iyakar abin da bakina ya iya furtawa ke nan.

Asabar muka tashi komai ya yi danshi, rufin tantin na ɗiga da raɓa da tururin numfashinmu, fata na danƙo. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, kuma iska ma ɗauke take da shi. Jarka uku ta yi mana kaɗan, don ɗauraye jiki da idanun yara ya ci ruwa fiye da sha. Wanda zai je, ya ninka abin da ya ƙiyasta.

Da hantsi dattijon ya sake nuna mana abu na biyu. A tsakanin igiyoyin da ke fashewa akwai wani yanki da ya kwanta luf, duhu-duhu, ba kumfa, irin wurin da uwa za ta ce yara su shiga. Ya ce ta nan ruwan da ya zubo gaɓa ke komawa ciki, da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya jayayya da shi. Wanda ya faɗa kada ya nufo gaɓa kai tsaye, ya yi gefe har ya fita daga jan. Na kafa wa yaran doka: iya gwiwa, kuma ina riƙe da hannun Auta.

Yayanta kuwa sanda da agogon babansa suka zama aikinsa. Daren Asabar ruwa bai kai ƙarshen cikarsa ba sai kusan ƙarfe 11. Ya shigo tanti da gudu: "Umma, ya makara da minti 50!" Na ce masa haka yake kullum, domin watan ma kowane dare yakan makara wajen fitowa.

Lahadi muka naɗe kaya, zif ɗin tantin na cijewa saboda yashi. Muka tsince sharar da muka tara, Auta ta ƙara da cikin leda guda na murafun da ta tsinta a kan layin. Muka je sallama da Baba, ya dafa kan yaran ya sa musu albarka. Daga saman tudun na waiwaya, ƙarfe 11 da 'yan mintuna. Filin da na zaɓa ranar Juma'a babu shi, sai kan sandar kawai ke leƙowa tsakanin kumfa.