Zuwa ga iyaye da fastoci a gida: ku tambayi hanyar da aka bi

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayenmu, fastoci, dattawa da 'yan zumuntar mata. Daga Ingila muke rubuto muku, a kan abin da ake yawan ɓoyewa idan wani ya tashi ba da shaida a majami'a cewa bizarsa ta fito. Ana tafi, ana guɗa, ana kai baikon godiya gaban bagade, amma ba a cika samun dattijon da zai ja yaron gefe ya ce, "Ɗana, ta wace hanya ka samu?" ba.

Mu fara da takardar ɗaukar aiki da ake kira CoS. Ba takarda ce ta hannu ba, lamba ce da kamfani mai lasisi yake fitarwa ta kwamfuta. Kuɗinta fam 525 ne tun Afrilun 2025, kuma doka ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗin. Saboda haka duk dillalin da ya ce a kawo miliyoyin naira a sayi CoS, haram yake sayarwa, wanda ya saya kuma ya sa hannu a ciki. Ga yadda abin yake lalacewa: kamfanin ya fitar da lambobi fiye da aikin da yake da shi. Mutum ya sauka, aka ce ya jira kira. Mako ya wuce, wata ya wuce, babu aiki, ga kuɗin haya, ga bashin gonar da aka jinginar a gida. Ba zai iya kai ƙara da gaba gaɗi ba, domin ya san yadda ya shigo. Idan kuma hukuma ta ƙwace lasisin kamfanin, kwana 60 aka saba ba shi ya nemi wani ko ya bar ƙasar. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 an ƙwace lasisi sama da 470 a fannin kula da tsofaffi da marasa lafiya, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Tun 22 ga Yulin 2025 ma an rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Wanda ya zo muku yau da alkawarinsa, iska yake sayar muku.

Na biyu ya fi damunmu, domin mutanen kirki ne suke yin sa, har da shugabannin matasa. Ɗalibi mai neman biza sai ya nuna kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere cikin asusu. Sai a nemi mai kuɗi ya zuba, a biya shi ladansa, biza na fitowa ya kwashe abinsa. A gida ana kiran wannan dabara. Amma ɗalibin ya sa hannu cewa kuɗin nan yana hannunsa domin karatu, alhali ya san ba haka ba ne. Hananiya da Safiratu ma gonarsu ce suka sayar, ba su saci na kowa ba. Adadin kawai suka yi ƙarya a kansa.

Ku yi lissafin da kanku. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, wato kusan fam 244 a mako. Wannan zai biya ɗaki, abinci da mota da ƙyar, ba zai taɓa ragowar kuɗin makaranta ba. To daga nan ƙarya ta farko take neman ta biyu: ya karɓi aikin dare da sunan wani, albashi ya shiga asusun mai sunan, mai sunan kuma ya yanki kasonsa. Za ka ga yaron da yake jagorar waƙa a gida yana tsaye a ɗakin ajiyar kaya ƙarfe uku na dare, ana kiran sunan da ba nasa ba, yana amsawa. Ran Lahadi ba ya iya zuwa sujada, in ya zo ma barci yake yi a benci na baya. Wanda aka kama da yaudara a takardar biza kuwa ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10.

Auren takarda ba ma sai mun tsawaita ba. Mutumin da ya saki matarsa a kotu "don takarda kawai", domin ya auri mai izinin zama a nan, ya raba abin da Allah ya gama, kome sunan da ya ba abin.

Mun san matsin da ake ciki, mun san yadda naira ta faɗi tun 2023, ba mu raina hawayen kowa ba. Tafiya ba zunubi ba ce; Yusufu da Daniyel a baƙuwar ƙasa suka ɗaukaka, bayan ɗaya ya ƙi matar Fotifar, ɗayan ya ƙi abincin sarki. Roƙonmu gare ku shi ne, kafin a sayar da gona, ku sa wani mai ilimi a ikilisiya ya duba sunan kamfanin cikin jerin masu lasisi da gwamnatin Birtaniya take wallafawa kyauta a intanet. Ku nemi ganin kwangilar aiki mai ɗauke da awoyi da albashi. In kuɗin karatu bai cika ba, a rubuta wa jami'a a nemi ɗage shiga zuwa wata shekara, da yawa suna yarda.

Waɗanda suka riga suka shigo ta karkatacciyar hanya kuma, kada ku matsa musu da neman aike, domin matsinku yana ƙara tura su ciki. Ku ce su nemi lauyan shige da fice mai rajista, su faɗa masa gaskiya duka, su kuma faɗa wa fastonsu na nan. In amsar ita ce su dawo gida, ku je tasha ku tarye su, ku ajiye musu wurin zamansu a majami'a.