Dafin da ke gefen shafi

A ɗakin karatu na wata kwaleji nake aiki, kuma shekara huɗu ke nan muna wani zama da ɗalibai duk Asabar bayan La'asar, mu ɗauki littafi ɗaya mu bi shi har bangon ƙarshe. Bara na kawo musu wanda na fi so a cikin labaran binciken kisan kai, na marubucin nan ɗan Italiya, Umberto Eco, wanda ya fito a 1980 da sunan Il nome della rosa, wato sunan furen wardi. Fassarar Ingilishi ta 1983 muka karanta. Wanda ke da niyyar karantawa ya yi haƙuri, zan tona asirin ƙarshen labarin, don abin da na koya ba ya faɗuwa sai da shi.

Labarin na ƙarshen shekarar 1327 ne, a wani gidan ruhubanawa, wato Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada, da ke kan dutse a arewacin Italiya. Wani malamin Kirista ɗan Ingila, Wiliyam, ya iso da almajirinsa Adso domin wani taron sulhu, sai ga mutuwa tana ɗauki ɗai-ɗai, yau gawa gobe gawa, har kwana bakwai. Shugaban gidan ya roƙe shi ya bincika, amma ya haramta masa shiga ɗakin littattafai, alhali can bakin zaren yake.

Na shiga zaman farko da takarda shafi shida da na kwana uku ina haɗawa. Na yi musu bayanin Paparoma Yohanna na 22 da ke zaune a Avignon ta Faransa a maimakon Roma, da gabar da ke tsakaninsa da Sarki Ludwig na Bavariya, da mabiya Faransis na Assisi waɗanda suka dage a taronsu na 1322 cewa Annabi Isa da almajiransa ba su mallaki komai ba, Paparoman kuma ya ce a 1323 wannan magana ɓata ce. Duk gaskiya ne, duk kuma yana cikin littafin. A zatona ɗaliban ba za su iya shiga wannan duniyar ba sai na riƙe musu hannu. Na yi minti arba'in ina magana. Mu goma sha tara ne a ranar. Da Asabar ta zagayo, tara suka dawo.

Na bi waɗanda suka gudu ɗaya bayan ɗaya, kuma kukansu iri guda ne. An yi musu alkawarin kisa da bincike, sai ga shafi bayan shafi ana siffanta sassaƙar ƙofar coci, ga harshen Latin ba fassara. Na ba su amsar da Eco da kansa ya bayar a 1983, cewa abokai da masu ɗab'i sun nemi ya rage shafi ɗari na farko ya ƙi, domin mai son zama a gidan nan kwana bakwai dole ya yarda da nawar gidan. Daga baya na gane da wannan amsa na kare kaina ne kawai. Littafin yana da nasa tudun da marubucin ya gina da gangan, ni kuma na zo na gina wani a gabansa, na sa mutane suka gaji tun ba su kai gindin na farkon ba.

A cikin taran da suka saura akwai wani dattijo, alaramma ne da ya haddace ya kuma rubuta, ya shigo boko da furfurarsa yana neman difiloma. Shi na fi ji wa tsoron littafin. A zama na uku, na buɗe baki zan fara bayanin yadda aka raba babobi bisa lokutan ibadar ruhubanawa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka, wannan gidan na san shi." Ya ce mutanen da ba sa cewa ƙarfe kaza, sai dai bayan addu'a kaza, ai haka muke cewa bayan Azahar ko kafin Magariba. Ya ce masu kwafar littafi da hannu, waɗanda sanyi ke sanƙarar musu da yatsu, ya yi wannan zaman da alƙalamin kara da tawada a cikin hunturu. Malamin da ke riƙe da kundi ba ya nuna wa almajiri sai ya ga ya kai, wannan ma ya gani da idonsa. Ɗakin ya yi tsit. Abin da takardata mai shafi shida ta kasa, ya yi shi a minti biyar.

A mako na biyar kuwa ya riga kowa, har da Wiliyam na cikin labarin. Muna tattauna baƙin tabon da ake gani a yatsu da harshen mamatan, sai ya ce a gefen takarda dafin yake. Duk wanda ya saba da tsohuwar takarda ya san shafi ba ya rabuwa da ɗan'uwansa sai ka lashi yatsa. Ni da na karanta littafin sau uku, a karon farko ban hango wannan ba sai da marubucin ya faɗa mini. Ban ce masa ya canka ba, amma fuskata ta gaya masa.

Zaman da ba zan manta ba shi ne na ranar da muka kai ga Jorge, tsohon makahon da ya shafa dafin. Littafin da yake ɓoyewa shi ne kashi na biyu na littafin Aristotil, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, a kan waƙa da wasan kwaikwayo, kashin da ke magana a kan ban dariya, wanda a gaskiyar tarihi bai iso hannunmu ba. Tsoronsa shi ne idan babban masani ya ɗaukaka dariya, tsoron Allah zai fita daga zukata. Na ɗauka kowa zai la'ance shi a wuce wurin. Alaramma ya ce kisan dai ba shi da hujja, amma tsoron tsohon ba hauka ba ne, ya kawo hadisin nan da ke cewa yawan dariya yana kashe zuciya. Wata ɗaliba mai karatun lauya ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah gafarta Malam, in littafi na da illa ai da littafi ake yi masa raddi. Da Gazali ya soki masana falsafa, rubutu ya yi. Da Ibn Rushd bai yarda ba, shi ma rubutu ya mayar." Suka yi ta yi cikin ladabi har aka kira Magariba.

Bayan salla su da kansu suka tambaye ni yadda aka yi Larabawa suka shigo zancen Aristotil. A nan na gaya musu cewa Matta ibn Yunus, wanda ya rasu a 940, ya fassara littafin waƙar zuwa Larabci a Bagadaza, kuma a 1256 aka mayar da sharhin Ibn Rushd a kansa zuwa Latin a birnin Toledo na ƙasar Sifen. Wannan bayani yana cikin takardar ranar farko, a shafi na biyar, ba wanda ya tuna da shi. A wannan dare kuwa na ga mutum uku suna rubutawa.

Ɗalibar nan ta sake koya mini wani abu mai ɗaci. Ta ce mace ɗaya tak ke da tasiri a labarin, yarinyar ƙauye da ke shigowa da dare don ta samu abinci, kuma ko suna ba a ba ta ba. Bernard Gui, mai binciken 'yan bidi'a wanda mutum ne na gaske a tarihi, ya tafi da ita a matsayin mayya, Wiliyam mai hikima ya ce ba abin da za a iya yi, labari ya ci gaba da neman littafi. Na so in ce ai haka zamanin yake, ai da gangan marubucin ya yi. Na haɗiye maganar. Sau uku na wuce yarinyar nan hankalina na kan ɗakin littattafai, ita kuwa karatu ɗaya ta yi ta tsaya a kanta.

Ƙarshen bai yi wa kowa daɗi ba. Jorge ya cinye shafukan, wuta ta lashe ɗakin littattafan da gidan baki ɗaya, Wiliyam ya amsa cewa zaren da ya bi na ƙarya ne ko da ya kai shi ga gaskiya. Wani saurayi mai son finafinan 'yan sanda ya ce an cuce shi, kuma ban yi masa gardama ba.

A zaman bankwana alaramma ya zo da wata tsohuwar gafaka. Ya kwance ta ya fito da takardun kakansa, rubutun hannu, gefunansu duk sun yi baƙi saboda taɓawa. Ya ce tun rasuwar mahaifinsa ba wanda ya gan su sai shi. Ya miƙa wa ɗalibar takarda ta farko da hannu biyu, sannan ya juyo ya tambaye ni ko na'urarmu ta ɗaukar hoton takardu za ta iya ɗaukar su ba tare da sun yage ba. Muka sa ranar Talata.